Gwaggon da ta Sa Aka Sayi Bakin Bebiya

Da hantsi labarin ya same ni, ina zaune a rumfata ta bakin tashar Parakou, ƙarfen liƙi yana cikin gawayi. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, da ke ɗauko doya daga Djougou ya tsaya a kaina, ya yi sallama, ya daɗe yana kallon rediyoyin da ke kan tebur kamar ya zo saye. Can ya ce, "Mai-rediyo, sai haƙuri. Gwaggo ta riga mu." Ban tambaye shi wace Gwaggo ba. A tsakanin Djougou da Parakou, in aka ce Gwaggo aka yi shiru, mace ɗaya ake nufi: yayar mahaifin maiɗakina, wadda ta raine ta, wadda kuma ta tsaya tsayin daka har aka ɗaura mana aure.

Ni gurgu ne tun ina yaro, shan-inna ya tafi da ƙafafuna biyu. Maiɗakina kurma ce, bebiya, sanƙarau ya toshe mata kunne tun ba ta gama koyon magana ba. Na faɗi wannan tun da wuri don wanda bai san mu ba ya gane abin da zai biyo baya. Na murza kekena na hannu zuwa gidanmu na Titirou, na tarar tana shanya. Ta dube ni, ta dubi rana, ta ga ba lokacin dawowata ba ne. Na kai hannu saman kaina na zagaya, alamar ƙaton ɗaurin ɗankwali, wato sunan Gwaggo a yarenmu, sannan na kwantar da tafin hannuna. Zanen da ke hannunta ya faɗi ƙasa, ba ta ɗauka ba.

Kafin mu isa Djougou an riga an kai ta makwancinta, zaman makoki muka tarar. Tsakar gida ta cika da matan Kolokondé da na Partago, waɗanda ta shekara da shekaru tana sayen doyarsu. Wata tsohuwa a cikinsu tana share hawaye tana cewa, "Yanzu wa zai ɗaga doyata ya ce mini wannan sanda ce ko doya?" A ƙofar gida direbobi sun shimfiɗa tabarmi, kowa yana ba da labarin ranar da ta zage shi, wani da Hausa, wani da Dendi, wani kuma ya rantse shi da harsuna uku ta haɗa masa a kan buhu ɗaya da ya jiƙa. Suna faɗi suna dariya, dariyar tana ƙarewa da jan hanci. Har tsohon delegen unguwa, wato mai unguwar da gwamnatin juyin juya hali ta naɗa, ya zo, ya zauna a gefe da hularsa a gwiwa, ya ce mace ce ta gaskiya, ko da yake har ta koma ga Allah ba ta taɓa yarda ta ce masa kamarad ba, kamar yadda ake kiran jami'an wancan zamani.

Surukina, wato ƙanenta, mahaifin maiɗakina, yana zaure da carbi, gemunsa fari fat. Na gangara daga keke na ja jiki na gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yau na rasa mai kirana Auta." Daga cikin gida kuwa kukan maiɗakina ya taso. Wanda bai taɓa jin kukan kurma ba ba zai gane ba: ba ta jin kanta, don haka ba ta san inda za ta rage ba. Wata baƙuwa ta tashi za ta rufe mata baki, matan Kolokondé suka riƙe ta, suka ce a bar ta.

An yi addu'ar arba'in, kowa ya watse, na dawo rumfata. Na ga in ban zauna na rubuta ba, nan da 'yan shekaru abin da zai rage na Gwaggo shi ne "wata mai doya mai faɗa." Faɗa kam tana da shi, ba zan yi mata ƙarya tana kabari ba. Amma ni na san abin da ta yi da faɗan.

Rediyo ne ya haɗa mu. Shekarun nan ne da juyin juya hali yake da ƙuruciya, ko'ina ka murɗa sai jawabi, sai kamarad kaza ya ce, kamarad kaza ya yi. Wata ranar kasuwa sai ga mace ƙatuwa da ɗaurin ɗankwali kamar masaki, ta dire mini rediyo a tebur ta ce, "Kai ne gurgun da aka ce shina da hannu? Wanga abu ya kamu da ciwon kamarad. Gyara mini shi ya riƙa kamo mini Hausa." Na ce, "Gwaggo, ai ba rediyon ne ba shi da lafiya ba." Ta ce, "To rufa mana asiri, gyara dai."

A bayanta akwai budurwa riƙe da kwando. Da na sa pil, wato batir, na kunna, sai budurwar ta matso ta ɗora tafin hannunta a kan bakin rediyon, ta lumshe ido. Na ɗauka wasa take. Gwaggo ta taɓa kafaɗarta, suka shiga yi da hannu, sauri-sauri, har da harara da murmushi, ni ina zaune baki buɗe. Na ce, "Me ta ce?" Gwaggo ta ce, "Ta ce mutumin da ke ciki ya cika surutu." Rediyon nan ya dawo rumfata sau da yawa bayan haka, kuma ba kullum ne yake da ciwo ba. Wani zuwan ni ne na bar waya ɗaya a kwance don a dawo. Gwaggo ta gane tun a karo na biyu, ta bar ni ina ta wahala.

Daga baya na ji tarihinsu. Uwar yarinyar ta rasu ba da daɗewa ba bayan ciwon, uban ya rasa yadda zai yi da ita, Gwaggo ta goya ta ta kai ɗakinta. Babu makarantar kurame a kusa, babu wanda ya koya musu komai. Su biyu suka ƙirƙiri yarensu a bakin murhu da kan hanyar kasuwa, alama bayan alama, har ya zama babu abin da ba sa iya faɗa, har gulma. Hannun Gwaggo ya saba, ta kai ko da mai ji take magana sai hannun ya riƙa bin bakin. Ba ta taɓa yarda a zo wa yarinyar ta baya ba. Yaron da ya jefe ta da tsakuwa don ta waiwayo, Gwaggo ta bi shi har ɗakin uwarsa. Takan ce, "Kunnenta a fuska yake. In kana da magana, zagayo."

Ranar da na fara zuwa Djougou zance, a saman buhunan doya aka ɗaure kekena, aparanti biyu, wato yaran mota, suka ɗaga ni suka sa a gaban mota. Na isa na yi wanka da jar ƙasa, na zauna a zauren Gwaggo ina gyara hula. Tunanina shi ne ni in faɗa, Gwaggo ta mayar da hannu, yarinyar ta amsa, Gwaggo ta mayar mini da baki. Da na bayyana mata haka sai ta dube ni sama da ƙasa, abin da ba ya ɗaukar lokaci ga mutum irina, ta ce, "Ni za ka aura?" Na ce a'a. Ta ce, "To ni ba tafinta ba ce. Kai da ke sa ƙarfe ya yi magana, hannu ne zai gagare ka?" Ta tashi ta koma bakin ƙofa tana ɓare gyaɗa, ta bar mu muna kallon juna.

Haka na shiga makaranta da gemuna. Duk sanda na samu mota sai Djougou, kuma da rana tsaka, don Gwaggo ta ce zancen kurma ba ya son duhu. Samarin unguwa suna dariya, wai ga mai zance da azahar kamar mai karɓar haraji. Na koyi ruwa, na koyi kasuwa, na koyi gobe da jiya, na koyi "ƙarya kake." Da na ga na ƙoshi da ilimi sai na shirya babbar maganata. Alamar aure a yarensu ita ce ka haɗa yatsu biyu ka ƙulla, kamar mai ɗaurin igiya, a gaban ƙirji. Ni kuwa don rawar jiki na ƙulla a ƙasa, wajen gwiwa, na nuna ta, na nuna kaina. Ashe ƙulli a ƙasa ɗaurin akuya ne a turke. Yarinyar ta zaro ido, ta waiwaya ta dubi akuyar gidan, ta dube ni. Gwaggo ta kwanta a kan tabarma tana dariya har gyaɗar ta zube, tana cewa, "Wayyo cikina. Tun daga Parakou ka zo ɗaure mana akuya." Da ta huce ta kama hannuna da kanta ta ɗaga shi zuwa ƙirji. Yarinyar ta rufe fuska da mayafi ta shige gida da gudu, kuma a nan na samu amsata.

Na ɗauka an gama. Ashe ba a fara ba.

A gidanmu aka fara. Innata, Allah ya ji ƙanta, ta zauna ta yi mini lissafi: "Kai ba ƙafa, ita ba kunne. Kai da ya kamata ka nemo mai lafiya ta riƙe ka, sai ka nemo wadda za a riƙe?" Na sha fama kafin Kawuna ya yarda ya ɗauki goro ya tafi Djougou. Ya dawo da goronsa ba a taɓa ba. Ya ce uban yarinya ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, sannan ya jero masa tambayoyi. In gobara ta tashi, ita ba ta ji ihu ba, shi bai iya gudu ba, wa zai fitar da wani? In jariri ya yi kuka, wa zai ji, wa zai tashi? In aka haifi gurgun kurma, a ƙofar wa za a ajiye shi? Kawu ya ce shi dai a ganinsa mutumin bai yi ƙarya ba.

Ban yi fushi da surukina ba ko a lokacin, tsoro ne ya yi masa yawa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne duk tambayoyin nan babu wanda ya yi wa yarinyar ko ɗaya. Ana ta yanke hukunci a kanta tana tsakar gida tana daka.

Gwaggo ce ta amsa, kuma a zauren ƙanenta, a gaban abokansa. Wanda ya ba ni labari ya ce ta shigo ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Auta, gobara nawa aka yi a gidanga tun da aka haife ka? In ta tashi, shi ya ji, ita ta ɗauke shi, ɗiyar da ke ɗaukar buhun doya. Jariri kuwa zare za a ɗaura daga ƙafarsa zuwa hannunta, in ya motsa ta farka. Shan-inna da sanƙarau kuma ba gadonsu ake ba, ciwo ne, kai ma Allah ne ya tsallake da kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga hannu huɗu lafiyayyu, mi kake nema?" Ya ce, "Yaya, ki bar ni in yi tunani." Ta ce ya yi, amma ya tuna tunaninsa ba ya sauri.

Maganar ta fita gari, har ta kai kunnen delege. Shi kuma ya ga abin nema ya samu. Ya zo gidan Gwaggo da takarda a hammata, ya ce juyin juya hali ya daidaita kowa da kowa, don haka shi zai tsaya a yi auren a dandali, ba lefe, ba kaɗe-kaɗen gargajiya, a yi jawabi, a ɗauki hoto, jama'a su ga yadda naƙasassu ke gina ƙasa. Ni da na ji, har na fara murna, don na ga hukuma ta shigo. Gwaggo ta bar shi ya gama, ta ce, "Ɗan nan, ranar da aka auri uwarka, a dandali aka yi?" Ya ce a'a. Ta ce, "To ɗiyata ma ba abin kallo ba ce. Ga goro, gai da gida."

Bayan an kai ruwa rana, liman ya sa baki, ya ce shari'a ba ta hana ba, ishara tana tsayawa a madadin magana ga wanda ba shi da ita. Surukina ya sauko, amma da sharaɗi. Ya ce ya ba ni ita sadaka, ba ya son sadakina, ba ya son lefe. A shafa fatiha a zaure da mutum kaɗan, in duhu ya yi a sa ta a mota a kai Parakou, shi ke nan. Kiɗa ba shi da amfani tunda ba ji take ba. Sayen baki kuwa, al'adar nan da amarya ke yin gum har sai abokan ango sun ba ƙawayenta abin da ya faranta musu sannan ta yi wa mijinta magana, da aka ambace shi sai wani a zauren ya ce, "Bakin me za a saya?" Aka yi dariya.

Kawu ya kawo mini wannan a matsayin albishir, Innata ta ce in karɓa tun bai sake shawara ba. Ni ma zuciyata ta karkata, don wanda ya daɗe a rana ba ya zaɓen inuwa. Na hau mota na je na gaya wa Gwaggo na amince. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci irin na ranar ba, kuma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mai-rediyo, auren sadaka abu ne mai lada, in an yi shi don girmama malami ko don Allah. Wanga ba shi ba ne. Wanga kaya ne ake son a sauke cikin duhu kar maƙwabta su gani. In ka karɓe ta haka, duk ranar da aka raina ta a gidanku ba ka da bakin magana, kai ma duk ranar da aka raina ka a nan, haka. Ƙannenta biyu 'yan uba an yi musu lalle, an yi musu kiɗa, an sayi bakinsu. Abin da aka yi musu shi za a yi mata, ko allura ba za a rage ba." Na ce, "Gwaggo, in ya fasa fa?" Ta ce, "In ya fasa, ya fasa. Ka iya jira?" Na ce na iya, amma a hanyar komawa na yi kuka a gaban mota, direba ya yi kamar bai gani ba.

Ya kuwa fasa. Ya ce ko sadaka ko babu, shi ba zai tara jama'a a yi masa dariya ba.

Abin da Gwaggo ta yi daga nan, har yau ana ba da labarinsa a unguwarsu. Ta daina yi wa ƙanenta magana da baki. Ba gaba ta ƙulla ba, ta san haramun ce. Kullum da safe tana zuwa gaishe shi kamar yadda ta saba, in ya yi sallama ta amsa, amma daga nan sai hannu. In ya tambaye ta kuɗin doya a Partago, hannu. In ya ce ina maganin da take dafa masa na ciwon baya, hannu. Kuma fa rayuwarsa duk a hannunta take, ita ke sayar masa da amfanin gona, ita ke sasanta shi da dangi, ita ta san wane ne ya haifi wane. Ya yi faɗa, ya yi roƙo, ya turo liman. Liman ya ce shi bai ga laifi ba, tunda tana amsa sallama, kuma magana tana yi, shi ne dai bai iya ji ba. Aka ce ranar ta saka wa liman da ƙwarya guda ta man kaɗe.

Damina guda aka yi a haka. Ni ina Parakou ina ƙirga motocin Djougou, kowane direba ya sauka sai na tambaye shi, ya ce har yanzu. Tun surukina yana juya baya in ta fara, har ya koma satar kallo, don dole ce ta sa. Ya gane alamar ruwa, ya gane ta kasuwa, ya gane ta "Auta," wadda ashe ɗan ƙaramin yatsa ce ake kaɗawa, abin da ya ƙara ba shi haushi. A hankali ya fara mayar mata, wai don ya nuna mata ba wani abin wuya ba ne. Gwaggo ta gaya mini daga baya cewa ranar da ta ga ya ɗaga hannu ya ce mata "ƙarya kike," saura kaɗan ta yi guɗa, ta daure ta haɗe rai.

Sai wata ranar da aka fara haƙar sabuwar doya, yana zaune a tsakar gidan Gwaggo yana jiran maganinsa, 'yarsa ta kawo masa ruwa ta durƙusa. Ya karɓa, ya yi mata alamar godiya ba tare da ya yi tunani ba. Yarinyar ta tsaya cak. Tun da kunnenta ya toshe ubanta bai taɓa ce mata komai ba, sai dai ya shafa kanta ya wuce. Ta ɗaga hannu a hankali ta ce masa, "Baba, ka rame." Ya gane. Gwaggo tana bakin murhu tana kallonsu. Ya ajiye ruwan, sannan ya haɗa yatsu biyu ya ƙulla a gaban ƙirji, ya yi alamar murza keke, ya ɗaga gira. Ta sunkuyar da kai, ta ɗora hannu a zuciya. Ya sake yin alamar duhu da alamar mota, yana tambaya ko ta yarda a kai ta a ɓoye. Ta girgiza kai, ta nuna lalle a tafin hannu, ta buga ƙirjinta kamar ganga, ta nuna ɗakin da ƙannenta suka yi zaman lalle.

Ya tashi bai sha maganin ba. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Yaya, a aika Parakou su turo." A nan Gwaggo ta buɗe baki, karo na farko tun farkon damina, ta ce, "To, Auta. Dawo ka sha maganinka."

An yi komai. Kawu ya kawo sadaki aka karɓa, aka kai lefe, aka sa amarya a lalle. Makaɗa suka zo, Gwaggo ta sa babbar ganga a gaban amarya dab da gwiwarta, ta ɗora mata tafin hannu a jikin gangar. Da ta ji shi a ƙashinta sai ta miƙe ta taka, kuma ba ta kuskure ko sau ɗaya ba, har matan da suka zo kallon abin dariya suka shiga fili. Abokaina suka ce saura ango, na ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gwaggo ta ce wannan ne karo na farko da ta ji karin magana ya faɗa a kan mai shi.

Da safe aka ɗauko amarya daga Djougou, don Gwaggo ta ce da rana za a kai ta, kowa ya gani, kuma ita ma ta ga inda aka kawo ta. La'asar ta yi suna ɗakina. Abokaina suka shigo da ni, ƙawayen amarya suna zagaye da ita, hasken rana yana shigowa ta taga. Wani abokina mai baki ya ce, cikin raha, to tunda ba bakin da za a saya sai a yi addu'a a tashi. Gwaggo ta ce, "Wa ya gaya maka?" Ta yaye mayafin kaɗan. Sai ga hannuwan amarya biyu a naɗe cikin farin ƙyalle, an ƙulle a wuyan hannu. Ta ce, "Ga bakin nan. Ku saya."

Aka yi ciniki na gaske, irin wanda ake yi wa kowace amarya. Abokaina suka ajiye goro, ƙawaye suka ce ko ɗan yatsa ba zai fito ba. Aka ƙara turare, aka ƙara alawa, aka yi rantse-rantse da dariya, Gwaggo tana zuga ƙawaye, har sai da aljihun abokin nan mai baki ya koma fayau. Sannan babbar ƙawa ta kwance ƙullin, ƙyallen ya zame, lallen ya fito ja wur. Aka yi addu'a, jama'a suka fara fita ɗaya bayan ɗaya.

Gwaggo ce ta ƙarshe. Amarya ta ɗago kai ta dube ni, hannunta ya fara tashi. Na ga Gwaggo ta gani. Shekara ashirin da wani abu, babu kalmar da yarinyar nan ta taɓa faɗa a duniya da ba ta bi ta idon Gwaggo ba, tun daga "ruwa" har zuwa "Baba, ka rame." Sai ta juya da sauri ta fuskanci bango, ta ja gefen ɗankwalinta ta rufe ido, ta lalubi ƙofa da hannu kamar makauniya. Ta ce, "Mai-rediyo, daga yau akwai maganar da ba tawa ba ce. Ka saurara da kyau." Ta fita ta ja ƙofar.

Abin da maiɗakina ta ce mini a ranar ban taɓa gaya wa kowa ba. Gwaggo ta rayu ta ga 'ya'yanmu, ta goya su, ta zage su da harsuna uku, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa tambaya ba.

Allah ya haskaka kabarinki, Gwaggo, ya yafe miki faɗanki, ya saka miki da abin da ya fi wanda kika yi mana. Wanda ya karanta wannan, in ya ga dama, ya ce amin, da baki ko da hannu.